Tunkuzar Inna a Kan Falankan Zamiya

Mijina kafinta ne, kuma duk wadda ta auri kafinta ta san gidanta ne matattarar guntayen katako. A warshar kafintocin da yake aiki a Riyad kabad ɗin kicin suke yi wa masu hali. Abin da ya rage na falanki da fomika kafilinsa, wato ubangidansa na aiki, ko kallonsa ba ya yi, sai Malam ya kwaso ya kawo min gida, wai wata rana zai yi amfani. A ɗan gidanmu na unguwar Ulaisha ƙarƙashin gado katako ne, bayan ƙofa katako ne, har saman firji bai tsira ba. Na yi mita har na gaji na bari.

Maƙwabcinmu na ƙofa da ƙofa abokinsa ne, direban wani attajiri. Shi ya kawo mana wannan fitina. Ya kai 'ya'yan maigidansa tudun yashi a bayan gari, ya ga waɗansu Turawa sun ɗaura dogayen falanka biyu a ƙafa suna gangarowa daga ƙololuwa a tsaye. Ya zo yana ba da labari da hannu da ƙafa, Malam yana saurare yana shafa gemu. Da na ga shafar gemun nan na san an gama, katakon ƙarƙashin gadona ya samu aiki.

Ya yi su kuwa, kuma gaskiya sun yi kyau. Falanka biyu sirara, tsawonsu ya kusa nawa, bakinsu na gaba ya lanƙwashe sama. A ƙasa ya manna farar fomika mai santsi, a sama ya kafe tsofaffin takalmansa na fata da ƙusa. Ƙarafan matse katako na warsha ne, ba a fita da su, don haka ya sayo jan salatif irin na ɗaure kwali ya naɗe falankan tun daga kai har wutsiya, don ya riƙe fomikar kafin gam ya kama. Daga nan ya yi abin da kowannenmu zai yi, wato ya hau da su saman bene ya shanya. A gida duk abin da yake da danshi rana ake ba wa, kuma ba wanda ya taɓa cewa rana ta yi masa ɓarna. Sai dai zafi ya shigo a makon, azumi ya biyo baya, ba mai maganar zuwa barri, wato dajin yashi, a irin wannan lokaci. Falankan suka kwana suka tashi a saman bene har bazarar Riyad ta wuce a kansu gaba ɗaya.

Ni kuwa a lokacin na kwashe shekaru a garin, amma abin da na sani a cikinsa bai taka kara ya karya ba. Na san bangon ɗakina, na san kukan na'urar sanyi, na san kasuwar Dira da muke leƙawa in salla ta matso. Tagarmu ma gilashinta irin mai hazo ne, haske kawai yake shigowa. Duk Juma'ar sanyi Malam da abokansa sukan cika mota su tafi barri, su dawo da magariba suna dariya, kunnuwansu da aljifansu cike da jan rairayi. Ni ce mai wanki. A gindin bokiti na san launin yashin Riyad, kuma wallahi abin yana ci mini rai. Ba na faɗa, amma ina so in je in gani da idona, ina so sosai.

Da sanyi ya dawo Malam ya tuna da kayansa ya sauko da su. Ya kama bakin salatif ya ja, sai fatar ta ɓare ta zo hannunsa a yage, gam ɗin salatif ɗin kuwa ya ce yana nan daram. Rana ta dafa shi ta like shi a jikin fomika, layi-layi, launin ƙasa-ƙasa, in ka taɓa ya kama yatsa. Duk da haka ya tafi da su barri a hakan, wai yashi zai goge. Yashi bai goge ba, zama ya yi. Abokinsa ya ba matarsa labari, ita kuma ta kawo min da zafinsa: Malam ya hau ƙololuwa, ya yi bisimilla, ya durƙusa, ya tura, falankan ko motsi. Ya tsaya cak a saman tudu, mazan suna ƙasa suna riƙe ciki. Da ya dawo na juya su na duba, ƙasansu ya zama sanfefa sak.

Washegari ya zo da tina, ruwan nan na tsinka fenti, a kwalba. Ta ci gam ɗin a wuri ɗaya, amma ta gangara gefe ta shiga ƙarƙashin fomika, kusurwa ta ɗaga. Ga wari ya cika gidan har ya shiga cikin tuwo. Na yi tari, na yi faɗa, shi ma ya hasala. Ya mayar da kusurwar ya manne, ya jingine su a bayan ƙofa ya ce halas, an gama, in zai fita gobe zai ajiye wa masu shara.

Ban san lokacin da maganar ta fito daga bakina ba.

"Malam, in na fitar da gam ɗin nan, da ni za a je barri. Kuma ni zan fara hawa."

Ya dube ni, ya dubi falankan, ya yi dariya har da buga cinya. Abin da tina ta gaza, a ganinsa, ba mai soson wanke-wanke ce za ta iya ba.

"Na yarda, uwargida," ya ce.

Lokacin kuwa ƙurarre ne. Attajirin ya yi tafiya ya bar wa abokin babbar mota mai shiga yashi, kuma bayan Juma'ar da ke tafe zai dawo ya karɓi makullinsa. In ta wuce ni, sai kuma wata shekarar, in ma ana raye ana garin.

Na fara da abin da na sani. Ruwan zafi da sabulu da soso, na dirza har kafaɗata ta yi tsami, gam ya jiƙe ya yi fari, da ya bushe ya koma yadda yake. Na sa farce, farcen ya karye. Wuƙa na ɗauko na mayar, don Malam ya ce in fomika ta samu karce to ta tashi daga aiki. Da rana matar abokin ta shigo ta same ni zaune a ƙasa da falanki a cinya, ina ta tsaki. Ita haihuwar Makka ce, Hausarta rabi Larabci, kuma ba ta ga abin ɗoki a yashi ba sam. Amma da ta ji akwai alkawari a tsakani, kuma namiji ya yi dariya, sai ta tuɓe mayafi ta zauna. Ta ce halawa za mu dafa, irin wadda mata suke cire gashin jiki da ita. In tana fizge gashi daga tushe, me zai hana ta fizge wannan?

Muka dafa sukari da lemon tsami har ya yi ja, muka bari ya huce, ta murza shi a hannu ya zama danƙo. Ta manna a jikin falanki ta fizge. Kai, sai ga yashi ya biyo halawa! Muka dubi juna muka fashe da dariya, muka shiga mannawa da fizgewa, ita a kai ni a wutsiya, tana ta cewa yalla, yalla, wato maza-maza. Kafin la'asar babu ƙwayar rairayi ko ɗaya a jiki. Na riga na fara tunanin wace abaya zan sa. Sai da muka tsaya muka shafa muka gane yashin kawai muka cire, gam yana nan, kuma yanzu mun ƙara masa sukari a kai. Da safe na buɗe ƙofar kicin na tarar da kiyashin Ulaisha kaf sun zo walima, layi tun daga taga har bayan ƙofa. Na wanke sukarin da ruwan ɗumi ina zagin kiyashi da halawa da Turawan da ban taɓa gani ba.

Ranar Laraba ce, kuma na fara karaya. Yatsuna duk sun yi baƙi da danƙo, in na taɓa zane ya biyo ni, sabulu ya ƙi fitar da shi. Malam ya ce miyar taushe yake marmari, don haka na sauko da robar tunkuza daga saman kabad. Tunkuzar nan Inna ce ta yi da hannunta. Ta soya gyaɗar, ta surfe, ta kai niƙa, ta ɗura a roba ta naɗe da leda kan leda, ta ba wani ɗan uwanmu da ya zo Umara, daga hannunsa ta bi hannun wani kafin ta iso ni. Da cokalin shayi nake aunata. In na buɗe robar sai in tsaya in shaƙa tukuna, don ƙamshin tsakar gidanmu ne yake fitowa.

Rannan cokalin ya maƙale, na sa yatsa na goge abin da ya like a bayansa, ina murzawa ba da wani tunani ba. Sai na ji yatsuna sun daina kamawa. Na duba, danƙon ya naɗe ya zama 'yan baƙaƙen zaruruwa yana faɗuwa da kansa. Na kashe wuta, na ruga bayan ƙofa, na shafa ragowar a kan layi ɗaya na gam, na murza da babban yatsa. Da farko shiru. Na ci gaba, sai ya fara laushi, ya fara dunƙulewa kamar dauɗar jiki bayan dilka, sai ga farar fomika ta leƙo, fes, tana ɗaukar ido. Na tashi tsaye ni kaɗai na taka rawa a tsakiyar falo, na je na dinga dukan bangon maƙwabciyata da ludayi har ta fito a tsorace.

Na so in ceci tunkuzar. Na gwada man girki, ya sassauta gam ɗin amma sai ya baje shi, ya zama kunu mai yauƙi. Tunkuza ita tana da mai tana da tsaki, man ya kwance shi, tsakin ya tattara shi. Na zauna da robar a gabana ina tuna Inna a gaban kasko da ciwon gwiwarta, tana juya gyaɗa domin 'yarta da ke nesa ta sha miya mai daɗi. In ta ji katako na shafa wa, salati za ta yi ta yi har ta gaji. Na ji kunya, ba zan ɓoye ba. Amma na fi jin son tafiyar nan. Na ce Inna ki yi haƙuri, na zura hannu.

Muka kwantar da falankan a kan tsohuwar shimfiɗar cin abinci. Muka shafe ƙasansu da tunkuza kamar masu yaɓe, muka rufe da leda, muka tafi salla. Da muka dawo muka ɗauki tsohon katin waya kowa da nasa, muna turawa a kwance a hankali, gam da gyaɗa suna naɗowa a bakin katin. Inda ya yi taurin kai, musamman wajen lanƙwasar gaba da salatif ya hau kan salatif, sai mu sake shafawa mu ba shi lokaci. Gefe-gefe ni na yi da kaina da ɗan tsumma a yatsa, don kada mai ya shiga ƙarƙashin fomika ya maimaita min ɓarnar tina. Bayan nan muka wanke man da sabulun kwanuka, muka goge, muka sake wankewa, domin maiƙo ma zai kama yashi. Ido yana ruɗi, saboda haka na ɗebo gishiri na barbaɗa a kai na karkata falankin. Duk inda ƙwaya ta maƙale, akwai saura. Muka bi wuraren ɗaya-ɗaya har gishiri ya riƙa zubewa shar, ba ya barin ko ɗigo.

Malam ya shigo da magariba, tun daga matakala ƙamshin gyaɗa ya tare shi, ya shigo da fara'a yana cewa yau akwai magana. Na ajiye masa tuwo da miyar kuka. Ya dubi kwanon, ya dube ni, na nuna masa bango da haɓa. Ya tashi ya ɗauki falanki ɗaya, ya kai shi kusa da fitila, ya bi shi da tafin hannu daga kai har ƙasa, ya juya, ya sake bi. Ya tambayi abin da na sa, na gaya masa.

"Tunkuzar Inna? Duka?"

"Saura ta gindin roba."

Ya ce ai akwai niƙaƙƙiyar gyaɗa a kwalba a baƙala, ɗan kantin da ke ƙasan gidanmu. Na ce ni da ba na sauka baƙala ina zan sani. Ya ci tuwonsa, ya wanke hannu, ya ɗauko kyandir ya zauna yana goga wa fomikar yana bi da tsohon zanena har ta riƙa sheƙi. Maganar alkawari kuwa bai ɗaga ba, ni ma ban ɗaga ba. Ranar Alhamis maƙwabciyata ta ce mijinta yana ta gunaguni, wai motar maza ce, wai ina aka taɓa. Ta ce masa ita ma za ta je, in ya so ya sauke mu biyun a titi.

Bayan sallar Juma'a Malam ya leƙo ya ce in yi sauri, ana jira. Ban taɓa sa abaya da irin wannan saurin ba. Na zura wando a ciki, na ɗauki fulas ɗin shayi, na manta kofuna, na koma, na manta makulli.

Muka bar gine-gine a baya, hanya ta miƙe, ƙasa ta buɗe. Ni dai fuskata tana manne da gilashi. Da tuddan suka fara bayyana, ja wur, ɗaya bayan ɗaya har inda ido ya ƙare, na kama hannun maƙwabciyata na matse har ta ce zan karya mata yatsa. A bakin hanya iyalai sun kafa tantuna, yara suna zagaye da baburan yashi masu ƙafa huɗu, hayaƙin gashi yana tashi. Malam ya ce nan idanu sun yi yawa, abokinsa ya kutsa da motar ciki har muka samu wani tudu da ba kowa.

Hawansa aiki ne. Ka taka, ƙafa ta nutse, ka koma rabin inda ka fito. Na cire takalmi na riƙe a hannu, yashin sama da ɗumi, na ƙasa da sanyi. Na isa ƙololuwa ina haki, iska ta cika min abaya. Na leƙa gangaren, ya fi yadda na zata tsawo nesa ba kusa ba, motar a ƙasa ta koma 'yar mitsitsiya. Tsoro ya kama ni, daɗi ma ya kama ni.

Abokin ya ce tudun nan da tsayi, gara Malam ya fara gwadawa a ga yadda suke gudu. Magana ce ta hankali, ba wanda zai ce ba haka ba. Malam ya ajiye falankan a bakin gangare, ya dube su da irin kallon da yake yi wa kabad in ya gama, ya zura ƙafarsa ta dama a cikin takalmin. Na matsa kusa da shi. Ban ɗaga murya ba.

"Malam, mun yi magana."

Ya zare ƙafar ya ja da baya.

Na taka na sa ƙafafuna, sai suka yi iyo a ciki. Takalman nasa ne, nawa biyu za su shiga ɗaya. Na ɗaga ƙafa, falankin ya zauna a ƙasa. Abokin ya ce to ka gani, ba za su zauna mata ba, a bari sai an gyara wani lokaci. Duk wanda ke wurin ya san babu wani lokaci. Idona ya ciko, na sunkuyar da kai don kada a gani.

Sai na ji kyat. Malam ya cire jan shimagi, ƙyallen kai irin na Larabawa da ke kansa, ya kama bakinsa da haƙori ya tsaga shi biyu. Ya durƙusa a gabana a cikin yashi, gaban abokinsa, ya kama ƙafata ya naɗe ta da takalmin ya ɗaure tam, ya koma ɗayar. Abokin ya juya yana kallon wani wajen. Maƙwabciyata ta tattare min bakin abaya ta ƙulle a gefe. Malam ya miƙe ya ce in lanƙwasa gwiwa, in dubi gaba, kada in dubi ƙafata. Na ce to. Na yi bisimilla, ya sa hannu a bayana ya ɗan tura.

Suka tafi. Da farko a hankali, da wani ɗan sauti siii a ƙarƙashina, sannan ƙasa ta sake ni gaba ɗaya. Iska ta bugi fuskata, cikina ya tashi sama, tudun yana gudu ta gefena biyu. Na ji wata murya tana ihu da dariya a haɗe, sai can na gane tawa ce. Ban san yadda ake tsayawa ba, ba wanda ya tuna ya gaya min, shi ma mai gaya min ɗin bai sani ba. Kusa da ƙasa falanki ɗaya ya hau kan ɗaya, na tashi sama na dawo, na mirgina, na mirgina, na tsaya a rigingine da yashi a baki da hanci.

Na ɗaga kai na hango Malam yana gangarowa da gudu, kai ba komai, yana faɗuwa yana tashi. Ya iso yana haki ya dafa kafaɗata, yana tambaya ina ne ya bugu, in motsa ƙafa, in yi magana. Na kasa ba shi amsa saboda dariya, hawaye yana wanke min yashin fuska. Ya tsaya yana kallona, ya daɗe yana kallona. Sannan ya kwance ƙullin ƙafafuna, ya karkaɗe falankan, ya saɓa su a kafaɗa.

"Tashi mu koma," ya ce, "rana ba ta faɗi ba tukuna."

Ya shiga gaba yana hawa, na bi sawunsa.